Filogin da Kawu Ya Cusa

A garejin Kawu doka ɗaya ce, kuma kowa ya haddace ta: aikin da Kawu ya yi ba a warware shi, hukuncin da ya yanke wa mota ba a ɗaukaka ƙara. Bahago, ɗan ƙanwarsa, ya fi kowa sani. A nan ya koyi riƙe sifana, a nan gemu ya fito masa, a nan yake samo abin da iyalinsa ke ci. Da idonsa ya ga an nuna wa manyan kanikawa ƙofa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Sai ga wata tsohuwar tasi ta sake dawowa, baƙin mai na ɗiga tsakanin inji da giyabos. Sil ɗin, wato robar tare mai, da aka canza mata ba ɗaya ba, ba biyu ba, kowanne sai ya ɗan yi kwanaki ya soma zubarwa. Kawu ko sunkuyawa bai yi ba. Ya ce ringin cikin inji sun cinye, iska na tsallakewa ƙasa tana turo mai waje, sai an sauke inji. Direban, wani dattijo marar hayaniya, ya nemi tsohuwar taya ya zauna jagwab. In motar nan ta kwanta, tukunyar gidansa ma ta kwanta.

Aka ce Bahago ya fara kwancewa. Shi kuwa, mutumin naka, akwai shegen bin diddigi. Ya tayar da motar tukuna. Ya zagaya bayan salansa, babu hayaƙi. Ya tambayi direba ko tana gajiya a hawa, direba ya rantse har gobe ba ta san da tudu ba. To wane irin cin ringi ne wannan? Ya duba gejin mai, ya tarar ya ɗago da kansa daga raminsa. Ya buɗe murfin zuba mai, iska ta buso masa tafin hannu. Injin a kumbure yake, ya rasa ta inda zai yi numfashi, shi ne yake huce haushinsa a kan sil.

Ya bi tiyon da ke fitar da iska daga saman inji, ya laluba ta baya inda ido ba ya kaiwa. An cusa tsohon filogi a bakin tiyon, an ɗaure tam da waya, an lanƙwasa wutsiyar wayar baya. Kaf garejin mutum ɗaya ne ke irin wannan ɗauri. Sai ya tuna kwanakin baya direba ya yi ƙorafin warin mai na damun fasinja, Kawu ya ɗan taɓa wani abu ya ce an gama.

Bai yi rashin kunya ba, a faɗi gaskiya. Ya je ya rusuna kusa da bencin Kawu, ya faɗa masa a hankali yadda ba wanda zai ji. Kawu ya dube shi, kuma Bahago ya ga sarai ya gane. Amma sai Kawu ya kau da kai, ya ce a sauke inji.

Nan ran Bahago ya ɓaci, ɓaci na gaske. Kuskure kowa na yi. Amma a kwantar da motar bawan Allah, a farke lafiyayyen inji, don kawai kada a ce Kawu ya yi kuskure? Ina, da sake. Ya koma ya ɗauki filaya, ya kira direba ya zo ya gani. Guduma ta daina ƙara a garejin.

"In ka taɓa wayar nan," in ji Kawu daga inda yake zaune, "ka haɗa da akwatinka."

"Na ji, Kawu. Allah ya huci zuciyarka. Amma injin nan lafiyarsa ƙalau, kai ma ka sani."

Ya datse wayar, ya murɗo filogin. Tiyon ya yi huci, ya tofo baƙin datti. Ya mayar da gejin mai mazauninsa, ya taka totur, gejin bai motsa ba. Direba ya fara roƙon Kawu ya yi haƙuri, yana cewa shi ba ya son a raba zumunci a kan motarsa. Bahago ya ce masa ya bar wahalar da bakinsa, ya buɗe but ɗin motar kawai.

Ya goge filogin da tsumma, ya ajiye a gefen bencin Kawu da hannu biyu. Sannan ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya jefa a but. Cikin abokan aikinsa ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

Ba su yi nisa ba. Tsallaken titi, daidai ƙofar garejin, ya ce a tsaya. Babu rami, babu rumfa, sai jak da duwatsu. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar don sauke giyabos ya sa sabon sil. Daga nan ƙasa yana hango ƙafafun Kawu a bakin ƙofa, sun daɗe ba su motsa ba. Wallahi yana son tsohon nan.

Ya miƙo hannun hagunsa waje, ya ce wa direba, "Baba, miƙo min sifana."