Safarka a Hannun Maimuna

...ko sallama ba ka yi ba, Zulkiflu. "Tashi daga cikin ciyawan nan, malama mai littafi." Abin da ka fara ce mini ke nan, a bakin ruwan Wara. Kana dawowa daga gonar shinkafa, ƙafar wando cushe cikin safa kamar ɗan ƙwallo. Na yi maka dariya. Washegari ga jajayen ƙuraje a idon sawuna, a bayan gwiwa, a inda zane ke ɗaure ƙugu...

Maimuna, bari susa. Bari, ɗiyata.

Ƙwari ne da ido ba ya gani, in ji ka. A zauna kan dutse ko kan jirgin da aka kife, ban da ciyawa. Da an dawo gida a yi wanka da sabulu, tufafi a ruwan zafi. In sun riga sun ciza, a shafa man kaɗanya, a riƙe hannu. Na sani. Duk na sani! To me ya sa na shimfiɗa zane a kan ciyawa na kwantar da 'yarka?

Don daga nan ake fara hango jiragen Yawuri. Daga nan kaɗai.

Sun ce jirgin ya kife da ku ranar kasuwa. An tsamo wasu, an binne. Kai fa? Ba gawa, ba labari. In shiga takaba? Takabar wa? Inna ta ce in bar wa Allah, malamai ma ba su ce komai ba tukuna... ni kuwa kowace la'asar sai ƙafata ta kai ni bakin ruwan.

Jikin Maimuna zafi. Ƙurajen cinya sun fashe, suna ruwa. Rachel ta asibiti ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta wanke mikin, ta ba ni magani da farin ruwan shafawa, ta ce cizon ba ya kisa, susa ce ke buɗe wa ciwo ƙofa. A yanke mata farce, a rufe hannuwan. Sai ta tambaya a hankali: ina yarinyar ke kwana da rana?

Na goya ta, na kama hanyar gida.

Da me zan rufe hannuwan? Safarka ce kawai a gidan. Ga ta nan na zura mata har gwiwar hannu, tana kallonta tana kuka, har yanzu da ƙaiƙayin shinkafa a bakin zaren...

La'asar ta yi. Yanzu jirage ke shigowa. Idan yau ne fa? Idan ka sauko, ka duba wurin, babu kowa?

Tana goga fuska da safar. Mayafi na hannuna. Na ajiye shi.

"Maimuna," muryata kamar ta wata, "ba zan ƙara kai ki bakin ruwa ba. Babanki ya san hanyar gida."