Biyar ga Yuni, Shida ga Mayu

Tun da Mutaru ya aiko wa ƙanwarsa Fadilatu kwamfutar hannu daga Amurka, unguwar Zongo ba ta huta ba. Malama ce a wata makarantar Arabiyya a unguwar Aboabo, nan Gana, amma in ka gan ta rataye da jakar kwamfutar nan sai ka rantse daga ofishin gwamna ta fito. Duk wanda takarda ta gagare shi wurinta yake kaiwa, ita kuwa daɗi take ji, ba ta ma ɓoyewa.

Shi ya sa da aka ce likitocin ido za su sauka a wani asibiti wajen Atonsu su yi wa tsofaffi aikin cire yanar ido kyauta, ba wanda ya tambayi wa zai tsaya wa Baba Gausu. Ƙanin mahaifiyarta ne, tsohon makanike a unguwar makanikai ta Suame Magazine, yanar ta rufe masa idanu har masallaci ma sai an riƙe hannunsa. Ita ta kai shi gwaji, ita ta bar lambar wayarta, ita aka turo wa jadawalin ranakun aiki.

Ta buɗe jadawalin a kwamfutarta. Gaban sunan Baba an rubuta 5/6. Biyar ga Yuni ke nan, ko ɗan firamare ya san rana ake fara rubutawa kafin wata. Ƙasa kaɗan, gaban sunan wata tsohuwa, ta ga 5/14, sai ta kwashe da dariya.

"Ei, mutanen asibitin nan! Wata na goma sha huɗu kuma a wace ƙasa?"

Ta rufe abarta, ta tafi ta shaida wa Baba ranarsa. A farkon Mayu wata baƙuwar lamba ta yi ta kiranta tana cikin aji. Ta ɗauka mayaudaran waya ne, ta yi tsaki ta kife wayar.

Ana tsakiyar Mayu ta haɗu da Hajiya Balki, maƙwabciyar Baba, a bakin hanya, sanye da baƙin tabarau, tana tafiya ba ɗan jagora. Hajiya Bagurma ce, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji.

"Fadila, me ya hana ka kawo tsoho? Sun kira sunansa, sun kira, ba kowa. Dokta sun tafi ƙasarsu jiya."

"Ai ranarsa ba ta yi ba, Hajiya. Sai Yuni."

"Wane Yuni? Rana ɗaya muke da shi. Shida ga Mayu."

Fadilatu ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta makaranta ba. Ta buɗe jadawalin a tsohuwar kwamfutar ofis, wadda kullum take yi wa ba'a, ta ga 6/5. Ta buɗe a tata, 5/6. Abu ɗaya, ba wanda ya taɓa shi. Nan take ta kira yayanta.

"Oh, wannan?" in ji Mutaru, da alama ma tuƙi yake. "Ranar guda ce a ciki, ba ta canza ba. Kowace kwamfuta tana nuna ta ne yadda aka saita ƙasarta. Mu nan wata muke fara sawa. Ki shiga saiti ki mayar da ita Gana, minti ɗaya ne. Lafiya dai?"

Ta kashe wayar. Ta shiga saitin, ta zaɓi Gana, lambobin suka juya gaba ɗaya a gabanta. Da za ta iya ɗora wa Mutaru laifin da ta ji sauƙi, da asibitin ne ma da ta je ta yi musu tas. Amma ita ta ga watan goma sha huɗu da idonta, ta yi dariya maimakon ta tsaya ta tambaya. Ta kira lambar nan da ta ƙi ɗagawa, wata ma'aikaciya ta ce mata likitocin sai baɗi, in sun samu zuwa.

Kwana da kwanaki tana kewaye lungun su Baba kamar wadda aka ce mata akwai kare a ciki. Sai da ta ji ya aika a wanke masa farar rigarsa saboda ranar asibiti, sannan ta daure ta je.

Ta same shi a baranda bayan la'asar, rediyo na ta surutu a gefensa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Fadila ce? Maraba da malama. Yuni ya kusa ko?"

"Baba, kafra. Ka yafe mini." Ta sunkuyar da kai. "Ranar ta wuce. Shida ga Mayu ce, ni na karanta ba daidai ba. Likitocin sun tafi."

Ya lalubi rediyon ya kashe.

"Hajiya Balki ta gaya mini tun ranar da ta dawo," ya ce. "Na ce mata ƙarya ne, Fadila ba ta kuskure a takarda."

Nan ne kukan ya ƙwace mata. Da ya zage ta da ya fi mata daɗi.

"Yoo, ya isa haka, 'yata. Allah bai nufa bana ba. Matso nan."

Ba ta iya motsawa ba. Ya miƙa hannu don ya dafa kanta, hannun ya wuce ta, ya sauka kan buhun gawayin da ke jingine a gefenta. Ya shiga bubbuga buhun a hankali, yana cewa ta daina kuka.