Wuƙar Saje Ari

Ranar da Alhaji Kyari ya zo karɓar wuƙar ubansa ne Fanta ta ƙarasa fita daga gidan Malam Goni, ko da yake an binne ta tun kafin damina.

Malam Goni, tsohon malamin tarihi, yana zaune a soro da tsumma da kwalbar man keken ɗinki, wuƙar a kan cinyarsa, sai ya ji hon ɗin mota. Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, shekarar da duk wanda ya iya sa hannu a takarda ya zama ɗan kwangila. Kyari, ƙanen matarsa Fanta, yana cikin waɗanda suka iya. Ya bar Marsandinsa a bakin titi, don ba a yi lungunan Fagge saboda arzikin fetur ba, ya shigo yana tattare babbar riga kamar ba a cikin wannan ƙasar ya yi rarrafe ba.

Wuƙar irin wadda soja ke maƙalawa a bakin bindiga ce. Mahaifinsu, Saje Ari, ya dawo da ita daga yaƙin Bama, inda suka kara da Japan a yaƙin duniya na biyu. Da ya rasu, dangi suka ce kayan yaƙi na ɗa namiji ne. Kyari ya ɗauki keke da rediyo, ya bar wuƙar a ƙasa, Fanta ta ɗauka. Duk Juma'a takan zare ta, ta goge, ta ɗiga mata mai, ta shafa wa kuben man kaɗanya. Dokarta ɗaya ce: ba a taɓa ƙarfen da hannu, don gumi yana cin sa.

Sau ɗaya ta karya dokar, a Juma'arta ta ƙarshe, zazzaɓi na cin ta. Ta dafa ƙarfen, ba ta sami ƙarfin gogewa ba. Sai bayan sadakar arba'in Goni ya zare wuƙar, ya tarar gumin ya yi aikinsa: sawun babban yatsanta ya zauna kusa da mariƙin, layi-layi, baƙi ƙirin. Fanta ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Kayanta dangi sun raba. Wannan yatsan kaɗai ya rage masa, kuma duk Juma'a tsummansa yana kewaye shi.

"Malam, har yanzu ana nan ana renon ƙarfe?" in ji Kyari.

"Ana nan, Alhaji. Shi ba ya manta wanda ya rene shi."

Kyari ya yi dariya, ya ƙi tabarmar da aka nuna masa. "Asabar zan tare a sabon gida. Manya za su zo, har da Turawan kamfanin siminti. Ina son takobin Baba a bangon falo. Takobin da ya ƙwace a hannun hafsan Japan."

"Ba takobi ba ne, kuma hannun mutumin Japan bai taɓa shi ba." Goni ya juya wuƙar zuwa haske, ya nuna da bakin tsumma. "Ga tambarin kambin sarkin Ingila. Ga 1907, shekarar da aka fito da irinta. Ga 'yar kibiyar da gwamnatinsu ke bugawa a kayanta. A sito aka ba ubanka, tare da takalmi da bargo. Bai ƙwace komai ba. Ya dai tafi da ƙafarsa ya dawo da ita, abin da da yawa ba su samu ba."

"Kai dai, Malam, karatu ya hana ka jin daɗin labari." Kyari ya sunkuyo, turarensa ya cika soron. "Wannan tsatsar fa? Ashe duk renon na banza ne."

Goni ya buɗe baki. Ya dubi agogon gwal, ya dubi zobba uku, ya dubi fuskar da ta zo jana'iza da makullin mota a hannu tana kaɗawa. Ya ga maganar ta fi ƙarfin kunnen da za ta shiga. Ya mayar da wuƙar kube.

"Taka ce, ba ni da hurumin hana ka," ya ce. "Kada ka taɓa ƙarfen da hannu. Mai kaɗan duk Juma'a. Ban da toka, ban da yashi, ban da dutsen wasawa."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Kyari, ya soke ta a hammata kamar laima.

Bayan azahar Alhaja Morufat, maƙwabciyarsu kuma aminiyar Fanta, ta dawo daga rumfar kwanukanta ta kasuwar Sabon Gari. Ba ta ko gama sallama ba.

"Malam, wuƙar Fanta ka ba wa wancan mai tumbin? Na gan shi wajen Ikechukwu, mai sa wa bambar mota ruwan ƙyalli. Wai so yake ta yi walƙiya!"

"Ikon Allah."

"Ikon Allah kana zaune? Tashi mana!"

Ya tashi. Motoci sun cunkushe a mahaɗar titin Bata, sababbi fil, kowace da mai ita a ciki yana danna hon wa ɗan'uwansa. Goni ya ratsa su da ƙafa. Ya wuce shagunan da ake sayar da firji ga mutanen da wutar lantarki ba ta kai unguwarsu ba. Gwiwarsa tana ciwo, numfashinsa yana sarƙewa, yana ta jera maganar a ransa, wannan karon ba tare da tarihin Ingila ba.

Tun daga nesa ya ji kukan injin gurza ƙarfe.

Ikechukwu dogo ne mai furfura a gemu, yana cikin waɗanda suka dawo Sabon Gari bayan yaƙin basasa. Da ya ji abin da ya kawo Goni, ya goge hannu a wando.

"Baba, na gaya masa. Na ce Alhaji, wannan tsohon abu ne, ni ma ba na son ganin irinsa, na ga abin da yake yi. Ya ce in gurje, in wanke, in tsoma. Ruwan ba ya kama ƙarfe sai an cire komai."

"Komai?"

"Har rubutun."

Kyari yana jingine da motarsa, kwalbar lemo a hannu. Ya ɗauko wuƙar daga kan kujera ya miƙo ta da alfahari, yatsunsa biyar a kan ƙarfen.

"Malam, ka zo duba aiki? To ga shi. Ka ga yadda ake gyaran kaya a zamanin nan."

Goni ya karɓa ta mariƙi. Tana ƙyalli kamar cokalin otal. Babu kambi, babu shekara, babu kibiya. Daga yau takobin hafsan Japan ne, kuma ba wanda ya isa ya musa. Ya duba kusa da mariƙin, ya karkata ta hagu, ya karkata ta dama. Abin da ya gani a wurin fuskar wani tsoho ce, ta miƙe ta yi siriri.

"Tsatsar nan ta ba shi wahala," in ji Kyari. "Ta ci ƙarfen sosai. Amma ta fita tas. Me ka ce?"

"Ta yi ƙyalli, Alhaji."

"Yauwa! Yau dai ka yabi abu." Ya karɓe ta, ya jefa ta a kujerar baya. "Shigo in sauke ka."

"Zan taka."

Motar ta tashi, ta shiga sahun 'yan'uwanta. Malam Goni ya tsaya a bakin garejin, yana jin ƙurar ƙarfe tana ƙas-ƙas a ƙarƙashin takalminsa. Maganar da ya ɗauko tun daga Fagge tana nan a bakinsa, gajera ce, ko yaro zai gane ta: ba tsatsa ba ce, Kyari, yatsan yayarka ne.