Gogo Ta Ƙwanƙwasa Mota

Ummaru bai gama sauka daga motar Kurfi ba ya hango ta. Tana can gefen tashar Dutsin-Ma a kan wani ɗan gangare, fara fat, sai ƙyalli take. Ya zaro hoton daga aljihu, ya dubi hoto, ya dubi mota, ya sake duban hoto. Baki ya ƙi rufuwa.

"Gogo, ga ta can! Wallahi ita ce!"

"To riƙe ni in sauka tukuna," in ji Gogo. "Ita ai ba gudu za ta yi ba."

Gogo ƙanwar babanshi ce, ita ta raine shi a Ɗantutture. Ginin tukwane take yi, kuma daga can har Kurfi duk tukunyar da ta shekara ukku a kan murhu ba ta tsage ba, ba sai an tambayi mai ita ba. Ba wanda ya gayyace ta wannan tafiya. Cewa ta yi tunda da kuɗin santa na huɗa a cikin cinikin, ƙafarta ƙafarshi.

Abin da ya faru kuwa, Ummaru ya yi shekara biyu yana tuƙa tifa a aikin madatsar Zobe. A can ne wani dillalin Kaduna, Alhaji Lado, yake aiko wa ma'aikata hotunan motoci. Ummaru ya ga wata farar akori-kura, shi ke nan barci ya ƙaurace mashi. Ya sayar da shanun huɗa biyu, ɗaya nashi ɗaya na Gogo, ya haɗa da abin da ya tara, ya aika ta gidan waya. Motar da bai taɓa jin ko kukanta ba. Damina kuwa saura wata biyu. In motar nan ba ta yi jigila ta mayar da shanun ba, bana da hannu za a yi huɗa.

"Na ga an sayi akuya da ciki, na ga an sayi gero tun yana gona," Gogo ta faɗa mashi tun a lokacin. "Amma sayen abu a takarda, sai a zamaninku."

Shi ya sa da suka sauka ta ce sai an je an ɗauko Tomas bakanike tukuna. Mutumin kudancin Zariya ne, shekararshi goma a Dutsin-Ma, Hausa a bakinshi kamar a nan aka yanke mashi cibi. Sunan ne dai Gogo ta ce harshenta bai iya ba.

"Tumatir, ka zo da idanunka ko ka baro su coci?"

"Suna nan duka biyu, Mama. Ke fa, kin zo da haƙoran?"

"Ukku sun isa cizon dillali."

Alhaji Lado na zaune kan tabarma a inuwar bedi, ya sha babbar riga. Can bayanshi direbanshi Ilu, wani dattijo mai shiru, ya jingina da wata tsohuwar akori-kura wadda ba a gane kalar da aka haife ta da ita. Fenti ya kwaile, ƙofa ɗaya kore ɗaya ruwan ƙasa. Alhaji ya miƙe da fara'a.

"Maraba da ango! Ga amaryarka nan, Malam Ummaru. Sannu da zuwa, Hajiya."

"Wanda bai kai ni aikin hajji ba ya ba ni suna," in ji Gogo. "Yaushe kuka iso, Alhaji?"

"Yanzun nan. Tun asuba muke tafe daga Kaduna, ko ruwa ba mu sha ba."

Ummaru har ya kai hannu zai amshi makulli, Tomas ya tare shi. Ya ce takardu tukuna. Ya buɗe bonet, ya goge wani wuri da tsumma, yana duba lambar da ke jikin inji yana duba ta takarda, ɗaya bayan ɗaya. Ta yi daidai. Ummaru ya dubi Gogo da murmushin na-faɗa-miki. Tomas ya zaro ƙarfen awon baƙin mai, ya murza a yatsa, ya ɗan yamutsa fuska.

"Man nan ya yi kauri kamar kunun da ya kwana."

"Sabo ne," in ji Alhaji. "Mai tsada."

Tomas ya durƙusa ya shafa taya, hannunshi ya fito baƙi wuluk da man takalmi. Ya nemi safaya, aka ce tana tafe. Ya nemi jak, aka ce tare suke tafe.

Ita Gogo ba ta san takarda ba, ba ta san inji ba. Zagaya motar kawai take yi a hankali, tana ƙwanƙwasa ta da zoben azurfar da ke yatsarta, ta kara kunne, yadda take yi wa tukwane in an kwashe su daga wuta. Ƙwal. Ƙwal. Ta matsa gaba. Ƙwal. Da ta zo gefen dama, sai ta ji dum. Ta tsaya. Ta sake bugawa. Dum, dum, tun daga ƙofa har fitila. Ta leƙa cikin bonet ɗin da Tomas ya bari a buɗe, ta ɗora tafin hannu a kan inji, ta daɗe. Ta sunkuya ta dubi ƙarfen gaba, ta dubi ƙaton dutsen da aka tokare taya da shi. Daga nan ta ja ƙafa kamar mai neman inuwa, ta nufi tsohuwar motar.

"Sannu da hanya, Malam," ta ce da Ilu.

"Yauwa, Inna."

Ta ƙwanƙwasa wannan ma, gaba da baya. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, ko'ina. Ta taɓa bonet ta janye hannu da sauri. Ta leƙa baya, ta ga abin da ta gani. Ilu ya kau da kai yana kallon sama, kamar yau ya fara ganin shirwa.

Gogo ta dawo ta zauna a bakin tabarmar Alhaji, ta kwance goro ta ba shi ɓari.

"Kai, Alhaji, farar nan ta yi kyau. Ni ko a mafarki ban taɓa ganin irinta ba."

"Ai kin san abu, Hajiya!"

"Waccan tsohuwar fa? Ita ma ta sayarwa ce?"

Alhaji ya yi dariya har hularshi ta karkace. "Waccan? Tarkace ce. Rakiya ta yo don ta mayar da mu gida. Ko rabin kuɗin farar ba ta kai ba."

"Me ka ce? Kunnen nan ya yi nauyi."

"Na ce TARKACE ce! Ko RABIN farar ba ta kai ba!"

Ranar kasuwa ce, tasha cike. 'Yan kamasho suka waiwayo, mai rake ya waiwayo, har sarkin tasha ya taso daga bencinshi ya matso.

"Kun dai ji?" in ji Gogo. "Sarkin tasha, ka ji?"

"Duk Dutsin-Ma ta ji, Gogo."

"To madalla. Mu talakawa ne, fara ta fi ƙarfinmu. Mun ɗauki tarkacen. Ragowar rabin kuma mun yafe ma Alhaji, ya sha ruwa a hanya."

Ummaru ya ji kamar an watsa mashi ruwan randa. "Haba Gogo! Da wannan zan shiga Ɗantutture? Duk gari an ga hoton! Aishatu har ta gaya ma danginta!"

Aishatu matarshi ce, kuma gaskiya ne, har Dabawa hoton nan ya je ziyara.

Alhaji Lado kuwa goro ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "A'a, a'a, Hajiya, ba na cutar mutane. Abin da ya saya shi zai ɗauka. Ni mai tsoron Allah ne."

"Ai shi ya sa na ce," in ji Gogo. Ta dafa ƙasa ta miƙe. "Ummaru, zo nan. Kawo kunnenka."

Ta ja shi gefen farar, ta buga. Ƙwal. Ta buga gaba kaɗan. Dum.

"Ka ji? In tukunya ta tsage a wuta, marar tsoron Allah sai ta cike tsagar da laka, ta shafe da jar ƙasa, ta kai kasuwa. Ido ba ya ganewa. Kunne ke ganewa. Rabin motar nan ciko ne. Ta taɓa faɗuwa, faɗuwa kuma ba ƙarama ba."

Tomas ya buga da kanshi, ya saurara, ya dafe kai. "Mama, shekara goma ina wannan aiki."

"Ni hamsin. Yanzu taɓa cikinta."

Ummaru ya ɗora hannu a kan inji. Sanyi ƙalau.

"Jakin da ya taso daga Kaduna da asuba, ya iso yanzun nan, ba ya rasa gumi. Je ka taɓa tsohuwar, amma a hankali, ta kusa gasa ni. In ka je ka leƙa bayanta, akwai igiya a naɗe. Ka dawo ka dubi hancin amaryarka, za ka ga inda igiyar ta ci fenti. Sannan ka tambayi Alhaji abin da ya sa duk faɗin tashar nan bai ga wurin ajiye ta ba sai kan gangare."

Sai Tomas ya miƙa hannu. "Alhaji, makulli."

"Batir ɗin ya ɗan gaji. In aka cire dutsen nan ta ɗan gangara..."

"A'a, a bar dutse inda yake. Makulli."

Tomas ya shiga ya murɗa. Farar ta ce kyak. Ya sake murɗawa. Ta ce kyak, kyak, ta yi shiru irin na mai jin kunya. A nan ne Ilu dariya ta ƙwace mashi har ya zauna a ƙasa.

"Tun daga Funtuwa nake janta," ya ce yana share hawaye. "Wallahi kafaɗata har yanzu ciwo take."

Tashar ta ɗauka gaba ɗaya. Mai rake har da buga adda a baro. Alhaji Lado ya dubi sarkin tasha, ya dubi jama'a, ya ga ba ƙofa. Dillali kuwa in ya ga ba ƙofa, dariya yake yi.

"Hajiya, kin gama da ni. Ki zo Kaduna mu yi sana'a tare, riba biyu naki ɗaya nawa."

"Ka dai kawo takardun tarkacen. Tumatir, duba mani su kamar yadda ka duba waɗancan."

Tomas ya duba, lamba ta yi daidai da lamba. Mai ya yi kyau, ruwa ba ya ɗiga, ga safaya ga jak a bayan kujera. Ummaru ya shiga yana ɗaure fuska kamar wanda aka ba magani. Ya murɗa makulli sau ɗaya. Tsohuwa ta amsa nan take, murya sumul, ba hayaƙi. Shi da Tomas suka fita da ita, suka hau tudu, suka taka birki, suka sa ta kowace giya har da ta baya. Da suka dawo, fuskar nan da aka ɗaure ta kwance, haƙora duk a waje.

"Gogo, tana ja kamar sanki!"

"Ai shi ne a ciki."

Sarkin tasha ya sa aka rubuta, aka sa hannu, Gogo ta dangwala yatsa ita ma, ko da yake ba wanda ya ce ta dangwala. Ta hau gaba ta zauna, ta gyara mayafi, ta ɗora gwiwar hannu a taga kamar a mota aka haife ta. Ummaru zai ja ke nan sai ga Alhaji a bakin taga yana murza hannu.

"Malam Ummaru, don Allah ko za ka ɗan ja mana farar zuwa garejin Tomas?"

Ummaru ya dubi Gogo.

"Me kake kallona? Ga hayarka ta farko. Igiya ma tana baya."

Haka aka ratsa kasuwar Dutsin-Ma, tsohuwa a gaba, amarya a baya da igiya a hanci, Alhaji a ciki yana ɗaga ma mutane hannu tunda ba yadda zai yi.

Da suka kama hanyar Kurfi, Ummaru na tuƙi yana waƙa, ya laluba aljihu ya ji hoton. Ya zaro shi zai wurgar ta taga, Gogo ta riƙe hannunshi. Ta amshe, ta lashi bayanshi, ta manna a jikin gilashi.

"Bar ta nan," ta ce. "Ita kam a hoto ba ta taɓa ƙin tashi ba."