Murfin Kwalbar Malam Agogo

Ko sallamar kirki Goggo Barkono ba ta yi ba ta bankaɗa labule, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ta baro a tsakar gida.

"Ina yake? Yau sai ya faɗa mini abin da na tsare masa!"

Matar Malam Agogo ta miƙe da kofin magani a hannu. "Goggo, a hankali, jikin ya matsa masa."

"Ni kuma nawa mijin rawa yake takawa?"

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin Goggo da aji ɗaya na makarantar unguwa. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da maigidanta, barci ba ya ɗaukarsa sai da hantsi. Maƙwabcinsu Malam Agogo, tsohon malami a makarantar, shi ne ke tsara darussan mako, kuma shekara da shekaru ba abin da ake yi bayan bangon nan da hantsi sai rubutu. Wannan zangon kuwa sai waƙa da tafi, har da buga tebur. Tsoho ya zabura, ya kwanta yana hawaye shiru. Da ta je wurin hedimasta, takardar jadawalin darussa ya nuna mata a bango, ita da ko sunanta aka rubuta ba za ta gane shi ba.

Malam na jingine da matashi, wuya ya zama kamar mariƙin lema. Ya dubi ƙafarta ya murmusa.

"Goggo, da takalmi ɗaya aka fito yaƙin?"

"Kar ka yi mini dariya. Tsohon nan da bakinka ka ce masa yaya. Yanzu ka haɗa shi da 'yan waƙa?"

"Na bana ba aikina ba ne. Ina nan kwance aka yi shi."

"To tashi ka gyara. Kwanciya ba sana'a ba ce."

Matarsa ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Ya ce a ciro masa tire daga ƙarƙashin gado. Tsohon tire ne da aka zana wa gidaje da fenti, kowane layi rana guda, ga gwangwani cike da murafen kwalba. Kowane launi malami ne. Haka yake aikinsa tun kafin a kai ga takarda.

Ya ɗauki murfi ɗaya, ya kuɓuce masa ya gangara. Goggo ta yi tsaki, ta zauna bakin gado ta janye tiren kan cinyarta.

"Faɗi, in sa."

"Kore a gidan farko. Lissafi ne, da sassafe ake ba yaro kafin kai ya ɗau zafi. Ja kuma malama mai goyo ce, ba a sa ta darasin fari, sai ta kimtsa jariri."

"Mai waƙar fa?"

"Ruwan ɗorawa."

Ta ɗauke shi ta danna can ƙarshen tire. "Can, bayan gari."

"A'a. Nan yana aji huɗu. Mutum ɗaya a aji biyu, aljani ne?"

"Da muryar nan tasa? Ban rantse ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Suka jira ya lafa. A hankali, wannan ya matsa, wancan ya ba da wuri, har waƙa ta koma dab da tashi, rubutu ya dawo hantsi. Sai murfi ɗaya ya rage a tafin hannunta, duk ya yi tsatsa.

"Wannan tsohon fa, ina gidansa?"

"Ni ne," in ji Malam. "Mako ya cika ba ni."

Goggo ta dube shi. Ta ƙulle murfin a bakin zane, ta ɗauki tire da hannu biyu kamar mai ɗauke da ruwa cike da kwano. Ta bi ta bakin titi tana daka wa masu babur tsawa, ba murfin da ya goce. Ta dire shi a teburin hedimasta.

"In ji Malam. Ka kwafe. Ka taɓa ko ɗaya, ni da kai ne."

Hedimasta ya daɗe yana kallon tiren, sannan ya cire murfin biro.

Ranar Asabar da safe tana shanya ta ji salatin matar Malam ta kan katanga. Ta saki zanen a ƙasa ta tafi. Ita ta riƙe matar, ita ta kori yara daga ƙofa, ba wanda ya ji ta ɗaga murya.

Ran Litinin da hantsi ta zauna bakin ƙofar ɗakinta. Bayan bango ba ka jin komai sai ƙarar alli a kan allo. Tsoho na barci, baki a buɗe, ƙuda na kewaya shi. Ta kore ƙudan da mafici, ta kwance bakin zane, ta ɗora murfin a kan taga, inda rana ke faɗawa.