Robobi Huɗu a Ƙafar Dron

A bayan wani kamfanin jima a Challawa akwai tafkin da ake tara ruwan wankin fata, baƙi ƙirin, mai warin da ke sa baƙo ya manta abin da ya kawo shi. Shekara da shekaru, in bututun tsakiyar tafkin ya toshe, Malam Gwadabe ne ke shiga ya duba. Tsohon masunci ne, ba ya jin tsoron ruwa. Amma wannan ruwan ya ci masa jiki har likita ya ce kada ya kuskura ya sake.

Da kamfani ya sayo dron, ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, Shifa'u, injiniyar da ke kula da tafkin, ta fi kowa murna. Sai dai tun ba a tashi jirgin ba Gwadabe ya tayar mata da hankali.

"Kada ki damu, 'yata. In ya faɗa, ni zan shiga in ɗauko."

Ta san ba wasa yake ba. Tsohon nan, in ka hana shi da safe, jira zai yi ka tafi sallar azahar.

Shi ya sa ta samo robobin ruwan sha guda huɗu waɗanda babu komai a ciki, ta murɗe murafensu tam, ta ba Istifanus makaniki ya ɗaura a ƙafafun jirgin. Yana ɗaurawa yana mita.

"Madam, wannan ƙarin nauyi ne kawai. Batir zai ƙare da wuri, iska ta yi ta wasa da shi. In ma ya faɗa, kifewa zai yi, inji ya sha ruwa."

"Na sani, Oga Istifanus. Ɗaura dai."

Bakin Istifanus kuwa kamar ya gani a mafarki. Jirgin ya tashi yana tangaɗi kamar ɗan dakon da ya yi wa kansa lodi. Da ƙyar ya kai tsakiya, Shifa'u ta ga bututun a wayarta, tsummoki ne suka toshe shi. A hanyar dawowa iska ta taso daga wajen kogin Challawa, ta make shi. Ya faɗa tsundum, ya kife, robobi huɗu a sama.

Istifanus ya dafe kai. Gwadabe kuwa har ya naɗe ƙafar wando.

"Baba, ku tsaya! Ai bai nutse ba, ku duba!"

Shifa'u ta sha gaban Gwadabe, ta tsaya tsakaninsa da ruwan, ta ƙi matsawa. Iskar da ta kayar da jirgin ita ta yi ta turo shi sannu a hankali, har Istifanus ya sa doguwar sanda ya jawo shi. Inji ya mutu murus.

Shifa'u ta san faɗan manaja na jiranta, amma zuciyarta fes take.

Gwadabe ya juya jirgin yana tsaki. "Kai, an yi asara. Robobin nan naki ba su yi wani amfani ba."

"Sun yi, Baba," ta ce tana murmushi. "Ku sauke ƙafar wandonku, mu je a sha shayi."