Idon Injin Mode

Sale mai gyaran gem, injin wasan bidiyo na yara, a kasuwar Goronyo hannunsa na da kyau, zuciyarsa ce dai sai addu'a. Shi ma yana da gidan gem a Rimawa, kuma tun da ɗan ƙanen babansa, Mode, ya buɗe nasa a tsallaken titi, tuwo ya daina yi masa daɗi.

Mode kuwa ba don son ransa ya shiga sana'ar ba. Bel ɗin injin ban ruwa ne ya cinye masa hannun dama a gonar albasa. Ya sayar da gonar ya sayi injin gem ɗaya tal, da shi yake ci da iyalinsa.

Ana gab da Sallah injin ya daina karanta faifai. Mode ya rungumo shi ya tsallako wurin Sale.

"Yaya, duba min. Mi yas same shi?"

Sale ya kwance shi, ya shafa auduga da sifirit a kan ƙwayar idon da ke karanta faifai. Ƙura ce kawai, ido garau. Sai ya tuna nasa injin da idonsa ya tsufa.

"Idon injin na, ya raunana," ya ce. "Tai ka yi sallah, in ka dawo ka ɗauka."

Kafin a sallame ya musanya idanun biyu. Ya murɗa 'yar ƙusar ƙarin haske a jikin tsohon idon har ƙarshe. Duk mai gyara ya san haka: ido zai yi gani kamar sabo, sannan ya ƙone ƙurmus.

Mode ya dawo ya ga injin na karanta faifai, ya yi ta sa albarka. Washegari ya kawo masa kwandon albasa, Sale ya karɓa ko kunya babu.

Ranar Sallah da hantsi, ɗakin Mode cike da yara, idon ya mutu. Mode ya kifa injin, ya hura, ya goge faifai da bakin riga. Shiru. Yaran suka kwasa zuwa tsallake.

Mode ya bi su, injin a hammata, idonsa ya kawo ruwa.

Sale bai ko ɗago kai ba. "Wanga ya zama gawa. Amma kak ka damu, jini ba ya ƙarya. Zamna nan ka dinga goge min hwaihwai. Hannu guda ya isa."

Mode ya zauna a bakin ƙofa. Ya goge faifan farko tas, ya miƙa, aka saka a injin Sale. Nan take ya karanta.

"Kai, Yaya," in ji Mode, "naka idon lahiya lau."